Gayyatar abokan aiki zuwa mashaya mai kiɗa a tsakiyar Kofanhagan, babban birnin Denmak: me mutum zai tarar?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Sababbin ɗalibai da ma'aikata sun iso Denmak, kuma tambaya ɗaya ce ke ta shigowa ta bayan fage: abokan aiki ko 'yan aji sun ce a haɗu ranar Juma'a da yamma a wata mashaya a tsakiyar gari, akwai makaɗa. Me mutum zai tarar a ciki, me zai sha, me zai ci, ta yaya zai koma gida? Maimakon kowa ya riƙa amsawa shi kaɗai, mu tattara bayanin a nan. Wanda yake ganin bai kamata ma a je ba, shi ma ya kawo hujjarsa, amma cikin mutunci don Allah. Akwai Musulmi akwai Kirista a zauren nan.

Mai Jita:
Wa alaikumus salam Baban Sadik. Abu na farko, a tambayi wanda ya yi gayyatar sunan wurin, domin abin da muke haɗawa mu kira mashaya kashi uku ne a wajensu, kuma ba su yi kama da juna ba.

Akwai værtshus, wasu su ce bodega. Ƙaramin ɗaki ne mai duhu, bangon katako ruwan ƙasa, kyandir a kan tebur, tsofaffin unguwa a bakin kanta. Kiɗan wurin yawanci daga na'ura yake, wani lokaci a kawo mutum ɗaya da jita a ƙarshen mako. Tsohon misali shi ne Hviids Vinstue da ke Kongens Nytorv, tun 1723 yake nan, amma shi wurin hira ne, ba a zuwa can don kiɗa.

Akwai mashayar mai jita ɗaya da makirfo, wanda suke kira troubadour. Waɗannan sun fi yawa a Nyhavn da kewayen Strøget. Yana rera waƙoƙin da kowa ya sani, ɗaki duka ya ɗauka. In ya shiga waƙoƙin Kim Larsen, mawaƙinsu da ya rasu a 2018, ba za ka ji maganar na kusa da kai ba.

Na uku gidajen kiɗa ne na ainihi, inda kiɗan ne ya tara mutane, abin sha yana biye. Mojo a Løngangstræde, kusa da Rådhuspladsen, na kiɗan blues ne. La Fontaine a Kompagnistræde na jaz ne, ƙarami ƙwarai, kuma sai dare ya yi nisa ake farawa. Jazzhus Montmartre a Store Regnegade shi ne babban yayansu: da tikiti ake shiga, a zauna a yi shiru a saurara.

Anti Laraba:
Ƙanena Mai Jita ya bar abu guda mai muhimmanci, hayaƙin taba. Dokar hana shan taba a cikin gini ta fara aiki a 2007, amma ta bar ƙofa: mashayar da wurin zaman baƙinta bai kai murabba'in mita 40 ba, kuma ba ta sayar da abinci na sosai, tana iya barin a sha taba a ciki. Shi ya sa ƙananan bodega da yawa har yau a turnuƙe suke. Mai asma ko mai ciki kada ta shiga irin wannan. Hanya mai sauƙi ta ganewa tun daga waje ita ce, in akwai takardar jerin abinci mai zafi a ƙofa, ba a shan taba a ɗakin cin abincin. In babu abinci sai gyaɗa da soyayyen dankali na leda, leƙa ka duba ko akwai farantin tokar taba a kan tebur. Rigar sanyi mai gashi tana riƙe warin kwanaki, sai an shanya ta a iska.

Ustaz Na-Zariya:
Kafin a yi nisa, Baban Sadik, ka ce mai hujja ya kawo. Ga Musulmi maganar ba ta tsaya kan ko ya sha ko bai sha ba. Akwai hadisi a Tirmizi da ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. To mashaya ai don haka aka gina ta. Ina tsoron kada zauren nan ya zama yana koya wa yaranmu yadda za su saba da wurin da tun farko bai kamata su taka ba. Abokin aikin kirki zai fahimta in ka ce masa addininka bai yarda ba. Mutanen ƙasar nan suna girmama wanda ya faɗi magana a fili fiye da mai kame-kame.

Ɗan Jos:
Ustaz, na ji maganarka kuma ina girmama ta. Sai dai zauren ba na Musulmi kaɗai ba ne, kuma ko a cikin Musulmin akwai waɗanda za su je ko an ce kada su je. Gara su je da sani. Ga kuma wata matsala da ba a mashaya kaɗai take ba: fredagsbar, wato shaye-shayen yammacin Juma'a, a cikin jami'a da ofis ake yin sa. Julefrokost, walimar ƙarshen shekara ta ma'aikata a Nuwamba da Disamba, sau da yawa a ɗakin cin abincin kamfani ake yin ta. Wanda bai san sunayen abin sha da na abinci ba zai faɗa rami ko bai taɓa taka ƙofar bodega ba.

Ustaz Na-Zariya:
Wannan gaskiya ne Ɗan Jos. Sanin sunayen wajibi ne ga kowa, ban musa ba. Matsayina kan zuwan dai yana nan.

Maman Ilham:
To bari in ɗauki abin sha, domin nan ne aka fi yin kuskure.

Kalmar alkoholfri a jikin kwalba ba ta nufin babu barasa ko ɗigo. Tun 2014 dokar Denmak ta yarda a rubuta ta a kan giyar da barasarta ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Saboda haka kwalba biyu za su iya zama gefe da gefe a firiji, duka an rubuta alkoholfri, ɗaya 0,0 ɗaya 0,5. Su da waƙafi suke rubuta adadin, ba da ɗigo ba. Wanda ya damu da bambancin ya karɓi kwalbar a hannunsa ya karanta, kada ya yarda a zuba masa a kofi daga bayan kanta. Tambayar ita ce: “Har I en nul komma nul?”, wato kuna da mai 0,0?

Sai masu kama da lemo. Somersby a ido ruwan tuffa ne mai gas, ga zaƙi, amma barasarsa kashi 4.5 ce, kusan daidai da giyar Carlsberg ko Tuborg ta yau da kullum mai 4.6. Duk abin da aka rubuta cider a ɗauka da barasa har sai an ga akasin haka. Ruwan tuffa zalla sunansa æblemost ko æblejuice. Hvidtøl, wanda ake kira nisseøl lokacin Kirsimeti, baƙi ne mai zaƙi, ɗanɗanonsa kusa da maltin da muka sani, har yara ake ba shi da faten shinkafa, amma yana da barasa kusan kashi 2. Gløgg na lokacin sanyi, mai zafi da ƙamshin kanumfari da kirfa, da zabibi da almon a ƙasan kofi, jan ruwan inabi ne mai bugarwa, wasu ma suna ƙara masa mai ƙarfi. Ɗan mitsitsin kofin da ake miƙowa tare da kifi kuwa snaps ne, kashi 40 ko fiye.

Waɗanda babu shakka a kansu: danskvand, ruwa ne mai gas kawai, sau da yawa da yankan lemon tsami. Faxe Kondi, lemon kwalba ne. Cocio, madara da cakulan. Hyldeblomst, ruwan furen wata bishiya, mai daɗi ƙwarai, sai dai a ce “uden alkohol”, wato ban da barasa, domin ana haɗa shi da barasa a wasu wurare. Kofi da shayi ana samu kusan ko'ina.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, ƙarin bayani kan Faxe. A faɗi sunan duka, Faxe Kondi. In mutum ya ce Faxe kawai ana iya kawo masa giya, don akwai giya mai wannan suna, kamfani ɗaya ne ke yin su, Royal Unibrew. Wannan kamfanin ne kuma ke yin Supermalt da 'yan Afirka ta Yamma suka sani, asalinsa na Denmak ne tun 1972. Abin mamaki shi ne da wuya ka same shi a mashayar tsakiyar gari. Sai shagunan baƙi na unguwar Nørrebro.

Maman Ilham:
Haka ne. Sannan ruwan famfo: yana da kyau ƙwarai a sha, amma wurare da yawa a tsakiyar gari suna cajin kuɗi a kansa, kada mutum ya yi mamaki in ya gani a rasit. Sunansa postevand.

Ustaz Na-Zariya:
Kan 0,5 ɗin nan, malamai sun yi saɓani. Masu hanawa suna kafa hujja da hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Masu sassautawa suna cewa wannan ko an sha da yawa ba ya bugarwa. Akwai kuma masu ƙin ko 0,0 saboda kamanni da masu shan giya. Mafi kuɓuta shi ne danskvand da shayi, babu wanda ya yi saɓani a kansu.

Anti Laraba:
Abinci kuma. Denmak ƙasar alade ce, aladun da ke cikinta sun fi mutanenta yawa, kuma abincin mashaya na gargajiya kusan duk a kansa aka gina shi. A 2014 da aka yi ƙuri'ar abincin ƙasa, stegt flæsk med persillesovs ne ya ci, wato soyayyen naman cikin alade da dankalin turawa da farar miya.

Kalmomin da za a haddace: svin, gris, flæsk, skinke, spæk, bacon, duk alade ne. Waɗannan masu sauƙi ne. Masu wuyar su ne waɗanda sunansu bai nuna ba. Frikadeller, ƙwallon niƙaƙƙen nama, yawanci alade ne ko alade da maraƙi. Leverpostej hantar alade ce da kitsensa. Rullepølse da medister da jan tsiran nan na keken bakin titi, alade. Hamburgerryg ba shi da alaƙa da hambaga, bayan alade ne da aka banɗa a hayaƙi. Mørbrad in ba a rubuta okse a gabansa ba, a ɗauka na alade ne. Flæskesvær, abin ƙamas-ƙamas da ake ajiyewa a kwano a kan kanta kusa da gyaɗa, fatar alade ce soyayya. Wannan shi ya fi kama baƙi, don mutum yana hira hannunsa ya kai kwano.

Smørrebrød shi ne yankan baƙin burodi da aka ɗora wa abu a kai, da wuƙa da cokali mai yatsu ake ci. Na kifi su ne mafita: sild, fiskefilet da remoulade, laks, ƙwai da jatan lande wato æg og rejer, ko stjerneskud mai kifi iri biyu. Amma ko a nan akwai tambaya biyu. Ta farko, me aka shafa wa burodin? Tsofaffin gidaje suna shafa fedt, kitsen alade, a ƙarƙashin sild maimakon man shanu. A ce “med smør, ikke fedt”, wato da man shanu, ba kitse ba. Ta biyu, me aka barbaɗa a sama? Kartoffelmad na dankali ne, hønsesalat na kaza ne, amma dukansu ana yawan ɗora musu bacon ba tare da an rubuta ba. A ce “uden bacon, tak”, wato ban da bacon, tun wajen oda. Fiskefrikadeller na kifi ne, sai dai wasu suna niƙa shi da ɗan kitsen alade don ya yi laushi, shi ma a tambaya.

Dalilin da ya sa dole a buɗe baki: dokar Tarayyar Turai ta tilasta bayyana abubuwa 14 masu tayar da borin jini, irin su gyaɗa da madara da ƙwai da kifi. Alade ba ya cikin jerin, barasa ma haka. Babu wanda zai gaya maka in ba ka tambaya ba. “Er der svinekød i?”, wato akwai naman alade a ciki, ita ce tambayar. Da Turanci ma za su amsa, kusan kowa yana ji.

Baban Sadik:
Anti, naman sa da kaza fa?

Anti Laraba:
Okse sa ne, kalv maraƙi, lam rago, kylling kaza. Maganar yanka ce ta rage. Tun Fabrairun 2014 Denmak ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba. Akwai naman halal a ƙasar, wanda aka sumar sannan Musulmi ya yanka, akwai kuma wanda ake shigowa da shi daga waje, amma mai kanta a mashaya ba zai san daga ina naman kicin ya fito ba. Ga kuma brun sovs, miyar nan ruwan ƙasa da ake zuba wa hakkebøf, sau da yawa da romon gasasshen alade ake haɗa ta. Mai son kwanciyar hankali ya ci abincinsa a Nørrebrogade, babban titin Nørrebro mai gidajen abincin halal, kafin ya taho, ko ya tsaya kan kifi. A kayan zaƙi kuma a kula da husblas, gelatin ke nan, yawanci na alade.

Mai Jita:
In dawo kan kiɗan, domin wasu don shi kaɗai za su je, kuma akwai abin ji. Kofanhagan ba ƙaramin gari ba ne a tarihin jaz. An buɗe Montmartre a 1959, kuma baƙaƙen fatar Amurka masu kiɗa da yawa sun bar wariyar ƙasarsu sun zo sun zauna a nan. Dexter Gordon, mai busa saksafon, ya zauna a garin daga 1962 zuwa 1976. Ben Webster da Kenny Drew a maƙabartar Assistens da ke Nørrebro aka binne su. A hannun waɗannan mutane yaran ƙasar suka koyi sana'ar, cikinsu har da Niels-Henning Ørsted Pedersen, mai kaɗa ƙatuwar kontrabas, wanda tun yana matashi yake raka su a dandamali. Gidan ya koma Nørregade a 1976, ya rufe a 1995, aka sake buɗe shi a ainihin wurinsa a 2010.

Yadda dare yake tafiya: makaɗa suna yin zango na kimanin minti 45, su huta, su dawo. A gidan jaz ana tafi bayan kowane makaɗi ya gama nasa ɓangaren a tsakiyar kiɗa, ba sai an kai ƙarshe ba. Ba a hira da ƙarfi ana cikin kiɗa, a jira hutu. A wajen troubadour kuwa akasin haka ne, ana so ka rera, kana iya zuwa ka roƙi waƙa ka jefa masa wani abu a kofin da ke gabansa.

In dare ne na jam, wato wanda kowa ke iya hawa ya yi kiɗa, makaɗan gida ne ke buɗewa da zangon farko. Mai son hawa ya je wurin mai jagorantar daren a lokacin hutu, ya faɗi abin da yake kaɗawa, ya jira a kira shi. Kada a hau ba a kira ba, kada a taɓa kayan kiɗan wani ba izini. Kafin a fara a daidaita kan wane kiɗa da wane mataki na murya. A gidan blues yawanci zagaye mai gaɓa 12 ake bi, wanda bai iya ƙirga shi ba zai shigo a inda bai dace ba. Zagaye biyu ko uku ya isa, sai a ba na gaba.

Ƙananan ɗakunan nan suna cika da wuri. Mai son kujera ya zo aƙalla rabin awa kafin a fara, kuma ya duba jadawalin gidan a ranar, don lokaci da kuɗin shiga suna canzawa tsakanin ranakun mako da ƙarshen mako.

Likita Bashir:
Kunne, jama'a. Wannan ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata ke amfani da shi: ƙarar desibel 85 kunne yana jure ta awa 8. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 97 minti 30, 100 minti 15 kacal. Ƙaramin ɗaki mai gajeren rufi da ganguna da jita mai lantarki yana kai wa 100 a gaban lasifika. Alamar da ba ta buƙatar na'ura: in sai ka ɗaga murya sosai kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, ƙarar ta wuce kima. In ka fito kunne yana ƙara ko kana jin magana dishi-dishi, an riga an taɓa ƙananan gashin cikin kunne, kuma waɗanda suka mutu ba sa sake tsirowa.

A sayi abin toshe kunne na soso, ørepropper, a apotek, wato kantin magani, ko shagon Matas, ba shi da tsada. Yawanci ba a sa shi daidai shi ya sa ake cewa ba ya aiki. A murza shi da yatsu har ya zama siriri, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja saman kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, a tura shi ciki, a riƙe da yatsa kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. In rabinsa yana leƙowa waje bai shiga ba. A zauna daga gefe ko baya, ba saitin bakin lasifika ba, a fita waje lokacin hutu.

Ɗan Jos:
Ga masu sha, kaɗan daga gare ni. Ma'auninsu genstand, giram 12 na barasa, wato kwalbar giya ɗaya ta santilita 33. Babban kofin famfo, stor fadøl, yawanci rabin lita ne ko kusa, ya kai genstand ɗaya da rabi, a nan lissafin mutane ke ɓacewa. Shawarar hukumar lafiyarsu tun 2022 ita ce kada babba ya wuce 10 a mako, kada ya wuce 4 a rana ɗaya. Giyar Kirsimeti ta Tuborg kashi 5.6 ce, Elephant ta Carlsberg 7.2, ba ɗaya suke da ta yau da kullum ba. Iyakar tuƙin mota ga yawancin direbobi ita ce kimanin giram 0.5 na barasa a litar jini, kuma 'yan sanda suna iya cin tarar mai keke in ya bugu har bai iya tuƙi lafiya.

Sai omgang, wato zagaye: mutum ɗaya ya saya wa tebur duka, na gaba ya rama. In ka karɓa an sa ran za ka rama. Wanda ba ya son sayen giya da kuɗinsa ya faɗa tun zagayen farko cewa shi zai sayi nasa da kansa, ba wanda zai ji haushi. Kuskuren shi ne ka sha lemo uku a aljihun mutane, in layi ya zo kanka ka ce ba ka sayen giya.

Akwai daren da baƙo zai guje wa in ba ya son turmutsitsi: J-dag, Juma'ar farko ta Nuwamba, da ƙarfe 8:59 na dare ake fito da giyar Kirsimeti ta Tuborg, gari ya cika da masu shuɗiyar hula. Gothersgade da Vestergade kuma kowane daren Juma'a da Asabar bayan sha biyu sai a hankali.

Ɗan Damagaram:
A ƙara da ƙwallayen lido. Kofin fata da ake kifawa a tebur ana wasan Meyer ko Snyd, a al'adarsu wanda ya faɗi shi ke sayen zagaye na gaba. A tambaya a kan me ake wasan kafin a sa hannu.

Maman Ilham:
Kuɗi. A kanta ake yin oda a biya nan take, a yawancin mashaya ba mai zuwa tebur. Ba dole ba ne a ba da tukuici, yana cikin farashi. Kuɗinsu kurona, Yuro ɗaya kimanin kurona 7.46 ne kuma ba ya motsi sosai don an ɗaure su tare. A tafi da kati, domin doka ta ba masu kasuwanci damar ƙin karɓar tsabar kuɗi daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Takardar kurona 1000 ta daina aiki tun ƙarshen Mayun 2025, kada wani ya canza maka ita. In na'urar kati ta tambaya ko a cire da kurona ko da kuɗin ƙasar katinka, zaɓi kurona, ɗaya zaɓin canjinsa ya fi tsada. Katin da aka bayar a wajen Turai ana iya ɗora masa ɗan ƙarin caji. MobilePay da kowa ke tura wa abokinsa kasonsa da shi sai mai lambar CPR, wato lambar rajistar mazauna ƙasar, da asusun bankin ƙasar, saboda haka sabon zuwa ya biya nasa da kansa a kanta. Wasu gidajen suna tilasta ajiye rigar sanyi da jaka a garderobe, da kuɗi, a adana lambar da aka bayar.

Baban Sadik:
Maganar ƙofa fa? Yara da yawa suna tsoron a mayar da su saboda launin fata.

Barista Hadiza:
Yana faruwa, musamman ga samari baƙaƙe ko Larabawa da suka zo a ƙungiya, kuma an fi samunsa a gidajen rawa na dare fiye da gidajen jaz. Uzurin da aka saba ji shi ne wuri ya cika ko sai wanda ke cikin jerin baƙi. Doka tun 1971 ta haramta hana mutum shiga wurin kasuwanci saboda launinsa ko asalinsa ko addininsa. Ana kai ƙara wurin 'yan sanda, lambarsu ta abin da ba na gaggawa ba 114, ko Ligebehandlingsnævnet, hukumar da ke sauraron ƙorafin nuna bambanci, kuma shigar da ƙorafi a can kyauta ne. Abin da ke kashe irin wannan ƙara shi ne rashin shaida. Kada a yi musu da mai gadi. A rubuta rana da lokaci, ainihin kalmomin da ya faɗa, su wa aka bari suka shiga bayanka, da lambar wayar wanda ya gani.

A tafi da katin shaida mai hoto, shekara 18 ne mafi ƙaranci, wasu gidajen suna sa 21 ko fiye da ra'ayin kansu kuma wannan halal ne a doka. Kada a shiga gari da dare da wuƙa kowace iri, har 'yar ƙaramar da ke jikin makulli, dokar wuƙa tana da tsauri kuma hukuncin ya fi nauyi a wuraren shaƙatawar dare. Ga mata, hijabi ba shi da matsala, amma rufe fuska a bainar jama'a an hana tun 1 ga Agustan 2018. Kada a bar kofi a tebur a tafi bayi a dawo a ci gaba da sha, ko lemo ne. Gaggawa 112. Rashin lafiyar da ba ta kai ta motar asibiti ba a yankin Kofanhagan, 1813.

Ustaz Na-Zariya:
Tunda Mai Jita ya ce wasu kiɗan ne ke kai su, ga waɗanda suke bin ra'ayin masu halatta shi, ai ba sai an shiga mashaya ba. Mai Jita ka fi ni sanin wuraren.

Mai Jita:
Gaskiya ne Ustaz. Bikin jaz na Kofanhagan, wanda ake yi tun 1979, yana farawa Juma'ar farko ta Yuli ya yi kwana 10, kuma da yawa daga wasanninsa a fili ake yi, a dandali da lambu da bakin ruwa, wasu kyauta. A Fabrairu akwai Vinterjazz, har a ɗakunan karatu da gidajen al'adu. DR Koncerthuset a Ørestad zaure ne na kujeru. Sai dai kada in ɓoye maka, ko a fili za ka ga masu gwangwanin giya a hannu, don shan ta a titi ba laifi ba ne a nan. Bambancin shi ne ba teburinku ɗaya ba.

A lura da sallah kuma. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai dab da ƙarfe 10 na dare, Magariba tana faɗowa a tsakiyar wasa. A Disamba kuwa kafin 4 na yamma ta faɗi.

Ɗan Aislan:
Gaisuwa daga Rekyabik, babban birnin ƙasar Aislan. Mu ma muna da mashaya irin ta Denmak a tsakiyar gari, Den Danske Kro a Ingólfsstræti, da tutocinsu ja da fari, da mai jita da dare. Ba abin mamaki ba ne, ƙasar tana ƙarƙashin sarautar Denmak har 1944, kuma har yanzu ana koyar da harshensu a makaranta. Amma wanda ya zo kada ya ɗauko dokokin Kofanhagan. A nan shekara 20 ce ta shan barasa, ba a shan taba a cikin kowace mashaya komai ƙanƙantarta, ruwan famfo kyauta ne. Giya irin su Carlsberg da Tuborg ma haramtacciya ce a ƙasar har 1 ga Maris 1989. Ramin da ke nan shi ne léttöl, wanda ake sayarwa a kantin kayan abinci kusa da lemo, yana kai wa kashi 2.25. Egils Malt da ake haɗawa da lemon Appelsín lokacin Kirsimeti shi ma yana da kimanin kashi 1. Appelsín shi kaɗai lemo ne zalla.

Ɗan Damagaram:
Komawa gida a Kofanhagan ba wuya. Metro ba ya kwana, dare da rana yake aiki duk mako. Layin zobe M3 da aka buɗe a 2019 yana tsayawa a Rådhuspladsen da Gammel Strand da Kongens Nytorv, duk mashayu da gidajen kiɗan da Mai Jita ya lissafa da farko tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa daga ɗayansu. Jiragen S-tog, masu zuwa unguwannin bayan gari, suna kwana suna aiki daren Juma'a da Asabar kawai, sauran ranaku mai zama a bayan gari ya duba jirgin ƙarshe a manhajar Rejseplanen tun kafin ya fito. Tashoshin ba su da shinge, sai baƙo ya zaci ba a duba tikiti. Ana dubawa, har da tsakar dare, kuma tarar ba ta gaza kurona 750 ba. Tikiti mafi ƙaranci na shiyya 2 ne, a saya a na'urar tasha kafin a shiga jirgi, ba a sayarwa a ciki. Mai keke ya tabbata fitilarsa ta gaba fara da ta baya ja suna ci, kuma ya ɗaure keken da ƙarfe a jikin wani abu, don satar keke a tsakiyar gari da dare ta yi yawa.

Baban Sadik:
Allah ya saka da alheri. Maman Ilham da Anti Laraba, don Allah ku haɗa kalmomin abin sha da na abinci a saƙo ɗaya in maƙala shi a saman zaure. Barista, in akwai fom ɗin ƙorafin hukumar nan da Turanci a turo mana.

Barista Hadiza:
Ta shafinsu na intanet ake cikewa. Zan turo matakan da yamma in sha Allah. Kafin nan, duk wanda aka mayar a ƙofa ya ajiye rasit ɗin inda ya fito da tikitin jirginsa na daren, suna taimakawa wajen tabbatar da lokaci.